Jagorar sa wa dabbobin gida albarka a cocin Katolika da rataya musu lambar waliyyi

Sau biyu a shekara farfajiyar coci-cocin Katolika da dama kan cika da haushi da haniniya: ranar 17 ga Janairu, idin Waliyyi Antoni na Masar, da ranar 4 ga Oktoba, idin Waliyyi Faransis na Asisi. A waɗannan ranaku masu dabbobi ke kawo su gaban Fada ya yi musu addu'a, ya yayyafa musu ruwa mai tsarki. Da yawa kuma kan koma gida su rataya wa karen ko magen wata 'yar lamba ta ƙarfe mai hoton waliyyi a wuya. Duka biyun abubuwa ne masu kyau, amma kowanne yana da ƙa'idarsa, kuma inda aka yi sakaci akan tashi da cizo, ko cuta ta bazu a garke, ko a mai da addu'a camfi.

Abin da ake nema da wannan albarka

Ikilisiyar Katolika ta bambanta sakramenti bakwai da abin da take kira alamu masu tsarki, wato addu'o'i da albarkun da ita ta tsara don roƙon alherin Allah a kan mutane da abin da suke amfani da shi. Albarkar dabbobi tana cikin kashi na biyu. Saboda haka ba baftisma ba ce. Ba a ba dabba Jibin Ubangiji, ba a shafa mata man marasa lafiya, ba a sa mata toka ranar Larabar Toka. Abin da ake yi shi ne a gode wa Allah da ya halicce ta, a roƙa mata lafiya da kariya, a kuma roƙa wa mai ita zuciyar riƙon amana.

Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya yi bayani a sakin layi na 2415 zuwa 2418. Dabbobi halittun Allah ne, kuma kyautata musu wajibi ne a kan mutum. Halal ne a ci namansu, a yi aiki da su, a ajiye su a gida. Azabtar da su ko kashe su ba dalili zubar da mutuncin ɗan Adam ne. Sai kuma gargaɗin da masu son dabbobi ba su cika son ji ba: bai dace a kashe musu kuɗin da ya kamata a fara taimakon mutanen da ke cikin wahala da shi ba, kuma kada a ba su irin ƙaunar da ta cancanci mutum kaɗai. Wanda ya riƙe wannan ma'auni ba zai ruɗe a sauran matakan ba.

Mataki na farko: zaɓi rana, ka yi magana da Fada

Al'adar Janairu ta girmi ta Oktoba. Antoni ya rayu a Masar daga wajen shekarar 251 zuwa 356, mafi yawan rayuwarsa a hamada, kuma manoman Italiya da Sifaniya sun daɗe da ɗaukarsa majiɓincin dabbobin gida. A Roma ana yin bikin a gaban cocin Sant'Eusebio, a Madrid kuma a cocin San Antón da ke titin Hortaleza, inda layin masu karnuka da maguna kan miƙe har kan hanya. Faransis ya rasu da yammacin 3 ga Oktoba 1226, aka sa idinsa washegari, kuma a 1979 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi majiɓincin masu kare muhalli. Ranar Faransis ce aka fi sani a Amurka da sauran ƙasashen da ake Turancin Ingilishi. A Los Angeles kuwa, a titin Olvera, tun daga 1930 ake yin bikin, yanzu kuma ranar Asabar ta jajiberin Ista ake yi.

Duk da haka babu dokar da ta ɗaure albarkar da wata rana. Ranar da aka sayo sabon ɗan kwikwiyo, ko akuya ta kusa haihuwa, ko kare ya tashi daga ciwo, duk ana iya nema. Ga Katolikan da ke ibada da Hausa a Kaduna, Kafanchan, Zariya, Jos, Kwantagora ko Maraɗi, yanayi ma abin dubawa ne. Farkon Oktoba damina na bankwana, rana na da zafi, ga kaska da ƙuma sun yi yawa. Tsakiyar Janairu kuwa hunturu ne, lokacin da annobar kaji ta fi kisa.

Idan cocinku bai saba yi ba, a samu Fada ko katikis, wato malamin koyar da addini a coci, wata guda kafin ranar. A tsai da abu huɗu: wuri, lokaci, irin dabbobin da za a karɓa, da wanda zai jagoranta. Wuri ya zama fili a waje, mai inuwa da ƙofar fita fiye da ɗaya. Bidiyon da ake gani a intanet na raƙumi da doki suna ratsa tsakiyar babban coci a New York na cocin Saint John the Divine ne, wanda na Angilikan ne. Tsarin Katolika na albarkar dabbobi hidima ce mai zaman kanta, a wajen Misa, wato babbar ibadar Katolika, don haka idan 4 ga Oktoba ta faɗo Lahadi sai a yi bayan an tashi, ko a matsar zuwa Asabar. Lokacin da ya fi shi ne kafin ƙarfe tara na safe ko bayan huɗu da rabi na yamma. A sanar a coci Lahadi biyu a jere, tare da sharuɗɗan da ke ƙasa. A kuma faɗa ƙarara cewa albarka ba ta kuɗi ba ce. Mai son ba da baiko ya bayar, wanda ba shi da shi ya zo da dabbarsa ba tare da jin nauyi ba. Maƙwabcin da ba Katolika ba ma yana iya zuwa, don doka ta 1170 a kundin dokokin Ikilisiya ta yarda a sa wa waɗanda ba 'yan ɗarikar ba albarka.

Mataki na biyu: tantance wadda za ta je da wadda za ta zauna

A nan ake yawan kuskure, domin mutum kan ga cewa dabbar da ba ta da lafiya ita ta fi bukatar addu'a, sai ya ɗauko ta cikin taro. Addu'ar tana bukata, amma a gida za a yi mata.

Kare ya zo ne kawai idan rigakafinsa na ciwon hauka bai wuce lokaci ba. Ana fara yi masa tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a katinsa. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana cikin masu samar da allurar, kuma ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kwana shida kafin idin Faransis, sai dai allurar farko tana bukatar makonni kafin ta kama jiki, don haka wanda bai taɓa yi ba ya yi tun farkon Satumba. Kwikwiyon da bai kammala jerin allurarsa ba, wanda kan ƙare wajen mako 16, ya zauna a gida: cutar gudawar jini ta kwikwiyo tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, kuma shinshina wurin da wani ya yi kashi ya isa ya kwashe ta. Karyar da ke neman namiji ita ma kada ta zo, don warinta kaɗai na iya haddasa faɗa tsakanin karnukan da suka saba zaman lafiya. Haka mai tari, mai ƙazwa, mai shayarwa, da wanda aka san shi da cizo.

Dabbobin kiwo kuwa, shawara mafi aminci ita ce kada a tara su daga gidaje daban-daban. Awaki da tumaki suna harbin juna da cutar zawo da majina ta hanyar numfashi. Kaji na kwasar annoba da murar tsuntsaye daga keji zuwa keji. Zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da magani, yana bin takalmi da tayar mota da kwanon abinci, kuma idan ya shiga gari yana iya share garke kaf. Saboda haka a roƙi Fada ko katikis ya zaga gida-gida, ya tsaya a bakin garke daga waje, kada ya shiga da takalmin da ya taka wani garken. Wanda dabbarsa ba za ta iya zuwa ba zai iya halartar taron shi kaɗai, wasu ma kan riƙo hotonta, a sa ta cikin addu'a.

Mataki na uku: kayan da za a tanada

Mai kare ya zo da igiya mai ƙwari, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ba irin mai miƙewa da kanta ba, wadda kan nannaɗe ƙafafun mutane. Babba ne zai riƙe ta. Yaro ɗan shekara takwas ba zai iya tsai da kare mai kilo 25 da ya hango mage ba. Idan karen mai saurin fushi ne a sa masa takunkumi irin mai raga, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki. A zo da gorar ruwa da kwanonsa na kansa, da leda biyu ko uku na kwashe kashi. A ba shi abinci kaɗan awa uku kafin fita, a zaga da shi ya yi bayan gida kafin a isa.

Mage a cikin akwatinta ko kwando mai murfi da aka ɗaure, a lulluɓe da zani mara nauyi, kuma kada a fito da ita ko sau ɗaya. Magen da ta firgita kan yakushi mai ita ta tsallake katanga, kuma a unguwar da ba ta sani ba da wuya a same ta. Aku da tantabaru a keji mai rufi ta gefe uku. Zomo da kunkuru a kwali mai ramukan iska, a inuwa, nesa da hancin karnuka.

Masu shirya taron su tanadi ƙaramin tebur da farin ƙyalle da gicciye, bokitin ruwa mai tsarki da abin yayyafawa, Littafi Mai Tsarki, sabulu da jarkar ruwa mai lita 20, tsintsiya da shebur, da faffaɗan katako ɗaya. A ja layi a ƙasa da toka ko farar ƙasa: karnuka gefe guda, mita biyu tsakanin kowanne, masu keji can ɗaya gefen. Mutum ɗaya mai kula ga kowace dabba goma ya wadatar, kuma idan akwai likitan dabbobi a cikin 'yan coci a roƙe shi ya tsaya a ƙofa yana duba katin rigakafi. A bar turare a gida, hayaƙinsa na cutar da huhun tsuntsaye. A rage ƙarar lasifika, a hana ganga da tafi mai ƙarfi. Idan an kawo furanni daga bagadi, a tabbata babu furen lili kusa da maguna, domin ko ƙurar furen suka lasa tana iya lalata musu ƙoda. A dafa bayan hannu a kan siminti: idan ba a iya jurewa daƙiƙa biyar ba, zai ƙona tafin ƙafar kare.

Mataki na huɗu: yadda hidimar ke gudana

Littafin albarku da fadar Paparoma ta fitar a 1984 ya ba firist (wato Fada), dikon (mai taimaka masa a hidima), ko wanda ba limami ba izinin jagorantar wannan albarka. Idan firist ko dikon yana wurin, shi ne zai jagoranta. Tsarin gajere ne, kuma gajartarsa alheri ce, don bayan minti 20 dabbobi sun fara gajiya.

Ana farawa da alamar gicciye, da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Mai jagora ya gai da jama'a, ya faɗi dalilin taruwa a jimla uku ko huɗu. Sai karatu ɗaya: Farawa sura 1, inda Allah ya halicci kifaye da tsuntsaye da dabbobin ƙasa, ko Farawa 2:19-20, inda Adamu ya raɗa musu suna, ko labarin jirgin Nuhu a sura 6, ko Ishaya 11:6-10, inda kyarkeci ke zama da ɗan rago. A biyo da Zabura 8, 104 ko 147, a rera ta a hankali. Wa'azi, idan za a yi, kada ya wuce minti uku, kuma Karin Magana 12:10, wadda ta ce adali yana kula da ran dabbarsa, ta ishi mai wa'azi. Bayan roƙe-roƙe, waɗanda ya kamata su haɗa da makiyaya da manoma da likitocin dabbobi da masu fama da yunwa, akan yi Addu'ar Ubangiji, sannan addu'ar albarka. Firist ko dikon yana miƙa hannuwa. Katikis ko uban gida yana haɗa tafukansa, ba ya zana gicciye a kan jama'a kamar yadda limami ke yi, a ƙarshe ma kansa yake yi wa alamar yana roƙon albarka ga kowa har da shi.

Yayyafa ruwa shi ne inda aka fi samun matsala. Mai jagora ne zai bi layi, dabbobi na tsaye a wurarensu, kada a ce su yi jerin gwano su taho gaba, domin a cunkoson layi ne hanci ke haɗuwa da wutsiya faɗa ya tashi. Ya tsaya taku biyu daga dabbar, ta gefenta, ya yayyafa ɗigo kaɗan a gadon baya. Ɗaga hannu da sanda a kan fuskar kare tamkar shirin duka ne a wurinsa, ga kuma doguwar riga tana kaɗawa. Kada ya shafa kan karen da bai sani ba. Na cikin keji a yayyafa a saman rufin, ya isa. Doki ko jaki a tsaya wajen kafaɗarsa, ba bayansa ba. Kuma kada a bar dabbobi su sha daga bokitin: wani lokaci akwai gishiri a ruwan, wanda ya kwana a kwano kuma hannuwa da yawa sun taɓa shi. Ragowar a zuba a gindin itace ko ƙasa mai tsabta, ba a kwata ba.

Wanda zai yi a gida shi da iyalinsa ya bi gajeren tsari: alamar gicciye, aya ɗaya, Ubanmu wanda ke cikin sama, sai addu'a da kalmominsa, misali: "Ya Allah Mahalicci, kai ka ba mu wannan dabba amana. Ka kiyaye ta daga cuta da ɓata, ka ba mu haƙuri da tausayi wajen kiwonta, ta wurin Almasihu Ubangijinmu." Ya yayyafa ruwan da ya karɓo daga coci, shi ke nan.

Idan abu ya ɓaci a wurin

Kare yana sanarwa kafin ya yi cizo. Lasar leɓe a kai a kai, hamma ba barci, kunnuwa a kwance, wutsiya a matse, farin ido ya bayyana, jiki ya sandare. Da an ga biyu daga ciki a janye shi can nesa, albarkar za ta same shi a inda yake. Idan faɗa ya kaure kada kowa ya sa hannu wajen wuya ko baki. A watsa musu ruwan jarka, a zura katakon nan a tsakaninsu, kowa ya ja nasa. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ya wuce asibiti a ranar don a duba batun allurar ciwon hauka, a rubuta sunan mai karen, a sa wa karen ido kwana goma. Ruwa mai tsarki ba ya maye gurbin wannan, kuma ciwon hauka idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Karen da ke haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya wurin likita.

Mataki na biyar: zaɓen lambar wuya

Rataya wa dabba alamar waliyyi ba sabon abu ba ne. A Turai ta tsakiyar zamani, 'yan zuhudun ƙungiyar Antoni, waɗanda ke jinyar masu wata cuta da ake kira wutar Antoni, suna kiwon aladu da ke yawo a gari da ƙararrawa a jikinsu, kowa ya san na asibiti ne, ba mai taɓa su. Shi ya sa ake zana Antoni na Masar tsoho mai gemu, da sanda, da ƙararrawa, da alade a gefen ƙafarsa. Masu sayarwa kan rikita shi da Antoni na Padua, wanda ya rasu a 1231, ake idinsa 13 ga Yuni. Wannan saurayi ne a hoto, riƙe da jariri Yesu da furen lili, kuma shi ake roƙo ya yi addu'a idan abu ya ɓata, don haka shi ma ya dace da wuyan dabba mai yawo. Faransis ana gane shi da riga ruwan ƙasa da igiya mai ƙulli uku, tsuntsaye a kafaɗa ko kyarkecin garin Gubbio a gabansa. Waliyyi Roko, mai idi 16 ga Agusta, yana nuna gyambo a cinyarsa, ga kare da burodi a baki, shi ne na masu karnuka. Masu maguna kan nemi Gertrude ta Nivelles, 17 ga Maris. Mafarauta a Beljiyam da Faransa na kai karnukansu a sa musu albarka ranar Waliyyi Hubert, 3 ga Nuwamba, ranar da ake tunawa da Martin de Porres na Lima, wanda ake zanawa da kare da mage da ɓera suna ci a kwano ɗaya.

Akwai abin da bai kamata ya hau wuyan dabba ba: gicciye mai siffar jikin Yesu, rosari (carbin addu'ar Katolika), ƙyallen sikafula da ake sa wa mutum bayan an shigar da shi da addu'a, da duk wani abu mai ɗauke da ragowar jikin waliyyi ko kayansa. Waɗannan na ibadar mutum ne. Lambar Waliyyi Benedik da ta Maryamu, wadda ta samo asali a Faris a 1830, su ma gara a rataye su a ƙofar ɗaki ko saman ƙofar garke, yadda manoman Italiya ke manna hoton Antoni a bargar shanu.

Sai tambayar da aka fi yi: a kai lambar a sa mata albarka? Limamai sun bambanta. Doka ta 1171 ta ce abin da aka keɓe don ibada ta hanyar albarka a riƙe shi da girmamawa, kada a yi amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko da na mutum ne na kansa. Lambar wuyan kare kuwa tana shiga kwata, tana birgima a mushe, tana faɗuwa a bola. Saboda haka hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a sa wa dabbar albarka, a bar lambar a matsayin tunatarwa ga mai ita. Wanda ya fi son a sa wa lambar albarka ya tambayi Fadansa, ya kuma ɗauki nauyin tsabtace ta. Ɗan kasuwar da ya ƙara kuɗi wai don tasa "mai albarka ce" a guje shi, albarka ba hajar sayarwa ba ce. Kuma lambar ba laya ba ce. Sakin layi na 2111 na littafin koyarwa ya kira camfi duk inda aka jingina ƙarfin addu'a ga abin da ake riƙewa kawai, aka manta da zuciyar mai yi. Ƙarfen ba ya korar maciji ko ɓarawo. Aikinsa ya tuna wa mai dabbar, duk lokacin da ya sunkuya ɗaura igiya, cewa ya yi mata addu'a ya kuma ba ta haƙƙinta.

Ta fuskar ƙarfe, wanda ba ya tsatsa ya fi kowanne: rubutunsa na shekaru, ba ya ɓata gashi. Alminiyom ba nauyi, ya dace da mage, amma rubutun kan goge cikin shekara ɗaya ko biyu a wuyan kare mai kazar-kazar. Tagulla na da ƙwari, sai dai tana barin kore-kore a farin gashi. Masu arha da aka zuba da tutiya ko dalma aka shafa musu ruwan azurfa su ne abin tsoro, domin karen da ya haɗiye tutiya ruwan cikinsa na narkar da ita ta farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Idan lamba ta ɓace kuma kare na amai, dadashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja, a kai shi a ɗauki hoton cikinsa ranar. Girma kuwa, milimita 20 zuwa 25 ga mage da ƙaramin kare, 30 zuwa 32 ga matsakaici, 38 ga babba. A shafa gefenta da yatsa, idan tana da kaifi a ajiye.

Mataki na shida: rubutu da ratayawa

Bayan lambar shi ne fuskar da ke dawo da dabba gida, don haka a sayi mai shafaffen baya da za a iya rubutu a kai. A sa lambar waya biyu, ta mai ita da ta wani a gidan. Wanda ke kusa da iyaka ko mai tafiye-tafiye ya fara da lambar ƙasa, +234 ta Najeriya ko +227 ta Nijar. Layi huɗu ne iyakar abin da lamba mai milimita 30 za ta ɗauka a karantu, haruffa kada su gaza milimita uku. Idan wuri ya ƙure, sunan dabbar da addu'ar "ka kiyaye ni" su za a cire, wayar ta zauna. Sunan unguwa ya isa, ba sai an sa cikakken adireshi ba, sai a ƙasar da doka ta tilasta: a Birtaniya dokar 1992 ta wajabta sunan mai kare da adireshinsa a wuyan karen idan yana waje. A nemi rubutun da aka ƙwaƙule cikin ƙarfe, wanda farce ke jin zurfinsa, a kuma karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin a bar shagon.

Siririn zoben da ke zuwa da lambar sarƙar mutum yana buɗewa cikin kwanaki. A cire shi da filaya, a sa zobe mai ninki biyu irin na makulli, na ƙarfen da ba ya tsatsa. A maƙala shi a zoben abin wuya, amma igiyar ja kada ta taɓa kama zoben lambar, da fizga ɗaya zai miƙe. Idan akwai lambar rigakafi a wurin, gogayyar ƙarfe biyu na cinye rubutu, sai a sa wa ɗaya zagayen roba. Abin wuyan kare ya bar wurin yatsu biyu, na kwikwiyo a duba kowane mako don wuyansa na girma. Na mage dole ya zama mai maɓallin da ke ɓallewa da kansa idan reshe ya kama shi, in ba haka ba za ta iya shaƙewa a kan katanga. A cire abin wuya idan za a kulle kare a kejin waya ko zai yi kokawa da ɗan'uwansa, don lamba na maƙalewa a raga, haƙori kuma na shiga ƙarƙashin ɗamara. Akuya mai kiwo cikin ƙaya da tsuntsu ba a rataya musu komai.

Lamba na iya faɗuwa, shi ya sa inda ake da hali ake haɗawa da maikurocif, ɗan ƙwayar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da likita ke sa wa a ƙarƙashin fata, mai lambobi 15. Ba ya nuna inda dabba take, sai an kai ta wurin mai na'urar karantawa, kuma sai an yi rajistar sunan mai ita. Inda irin waɗannan na'urori ba su yawaita ba, lambar wuya ce kaɗai wanda ya tsinci karen zai iya karantawa.

Sau ɗaya a wata a cire ta a wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a duba ramin da zobe ke ratsawa, nan ne ke sirancewa har ya tsage. A duba fatar wuyan ko ta yi ja ko gashi ya zube, alamar ƙarfen bai karɓe ta ba. Ranar da aka canja layin waya, ranar za a canja lamba. Tsohuwar da aka sa wa albarka ba a jefa ta a shara: a goge lambar wayar da ke bayanta da zarto, a binne ta a ƙasa mai tsabta inda ba a takawa, ko a miƙa wa katikis ya haɗa da sauran kayan ibadar da suka tsufa. Idan dabbar ce ta mutu, Ikilisiya ba ta yi mata Misar jana'iza, amma iyali na iya yin addu'ar godiya a gida, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya nesa da rijiya, a binne ta tare da lambar ko a ajiye lambar a wurin addu'ar gida.